Madubai biyu a kusurwar digiri 72: hotuna huɗu ne ko biyar?

Ɗalibar Kimiyya ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai. Tambayata a kan darasin haske ce, wajen madubai biyu marasa lanƙwasa da aka haɗa gefensu, kamar an buɗe littafi an tsayar da shi a kan tebur.

Ƙa'idar da ake haddacewa don WAEC da JAMB wajen gano yawan hotunan abin da aka ajiye tsakaninsu ita ce a raba 360 da kusurwar, a cire 1. A digiri 90 tana ba da hotuna 3, a digiri 60 tana ba da 5, ido kuma yana tabbatar da duka biyun. A digiri 72 ne abin yake rikicewa. Lissafi ya ce 4. Idan batir yana tsakiyar madubin biyu, 4 ɗin ake gani. Amma idan aka matsar da shi kusa da madubi ɗaya, aka kuma kawo ido kusa da wannan madubin, sai na biyar ya leƙo daga can ciki, daf da mahaɗar. Da an ɗan janye kai sai ya ɓace.

To wanne ne daidai, 4 ko 5? A digiri 50 kuma ƙa'idar tana ba da 6.2, ina ake ganin hoto 0.2? Me ya sa rubutun jikin batirin yake juye a wasu hotunan, a wasu kuma ana karanta shi lafiya lau? Sannan a digiri 60 hoton can ciki wani lokaci yana rabewa biyu, ga wani baƙin layi da yake ratsa shi.

Madubin na kasuwa ne, faɗin kowanne santimita 20, kaurin gilashin milimita 5. Allah ya saka da alheri.

Malamin Fizik ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malama, idonki bai yi ƙarya ba. Ƙa'idar ce aka ba ki ba tare da sharaɗinta ba.

Abubuwa biyu ne ke haifar da hotunan nan duka. Na farko, madubi yana ajiye hoton abu a bayansa, daidai tazarar da abin yake a gabansa. Na biyu, madubi bai san bambancin batir da hoton batir ba. Hasken da ya bugi madubi na farko ya dawo yana tafiya ne tamkar daga hoton ya taso, saboda haka in ya isa madubi na biyu, shi ma sai ya yi wa wannan hoton nasa hoton. Haka za su yi ta miƙa wa juna har hoton ya faɗa bayan madubin duka biyu, inda babu fuskar da ke kallonsa. A nan jerin yake yankewa.

Tun da mahaɗar tana jikin madubin duka biyu, kowane hoto tazararsa daga mahaɗar ɗaya ce da ta batirin. Wato duk a kan da'ira ɗaya suke jere, mahaɗar ce cibiyarta. Ki ɗauki takarda da kamfas ɗin zana da'ira, ki kafa tsininsa a mahaɗa, ki buɗe shi zuwa wurin batirin, ki zagaya. Daga nan ba sauran maganar santimita, digiri kawai za ki ƙirga a kan da'irar.

Mu kira madubin A da B. A digiri 72, a ce batirin yana digiri 20 daga A, kenan digiri 52 daga B. Hoton farko a bayan A yana digiri 20. Don samun na gaba, ki ƙara ninkin tazarar batirin daga ɗaya madubin, wato 104, ya zama 124. Na gaba kuma ki ƙara ninkin tazararsa daga A, wato 40, ya zama 164. Haka ake yi, wannan ninki, sai wancan. Na gaba zai zama 268, ya haura 180, ba ya cikin lissafi, domin abin da madubi zai yi wa hoto a wannan wurin ya riga ya koma bayansa. Bayan A kenan akwai uku: 20, 124, 164. Bayan B kuwa 52, sai 92, na gaba 196 ne, ya haura. Biyu kenan. Uku da biyu, biyar. Ga na biyar ɗinki nan, shi ne na digiri 164.

Yanzu ki mayar da batirin tsakiya, digiri 36 daga kowane madubi. Bayan A: 36, 108, sai 180 cif. Wanda ya faɗa a kan 180 yana kan layin madubin ne, ba gaba ba baya, ba ya ba da sabon hoto. Biyu nan, biyu can, huɗu.

Ki gwada a digiri 60, batiri a digiri 20 daga A, 40 daga B. Bayan A: 20, 100, 140. Bayan B: 40, 80, 160. Shida kenan a ƙirge, amma ki haɗa 140 da 160 da kusurwar kanta 60, za ki samu 360. Ma'ana na ƙarshen wannan jeri da na ƙarshen wancan sun zagayo sun haɗu a wuri ɗaya, sun hau kan juna tamkar an tsaga kara. Shida a cire ɗaya, biyar. Wannan “a cire 1” da ake haddacewa, ga inda ya fito. A digiri 90 ma haka ne: batiri a 30 daga A yana ba da 30 da 150, bayan B kuma 60 da 120, sai 150 da 120 da 90 su cika 360.

Sharaɗin da ba a faɗa miki ba ke nan. In kin raba 360 da kusurwar kin samu lamba cika, mai rabuwa biyu ba saura, kamar 4 ko 6 ko 8, ki cire ɗaya, ko ina abin yake. In kin samu lamba mara, kamar 3 ko 5 ko 9, sai abin yana tsakiya daidai ake cire ɗaya. In ya kauce, lambar ce kanta. In kuwa rabon bai fita cif ba, kamar a digiri 50, ki ajiye ƙa'idar gefe ki jera lambobin. Batiri a tsakiya, digiri 25 kowane ɓangare: 25, 75, 125, 175 a bayan kowane madubi, takwas kenan. Batiri a digiri 10 daga A: bayan A akwai 10, 90, 110, bayan B akwai 40, 60, 140, 160, bakwai kenan. A digiri 50 ana samun takwas ne kawai idan abin yana tsakanin digiri 20 da 30. Ko bakwai ko takwas, 6.2 ba ta da mazauni a nan.

Batun ɓacewa in kin janye kai, shi ma da lissafinsa. Kasancewar hoto daban, ganinsa daga inda kike daban. Ki auna kusurwar idonki daga madubin da hoton yake bayansa, ki haɗa da kusurwar hoton. In jimlar ba ta kai 180 ba za ki gan shi, in ta kai ya ɓuya a bayan mahaɗa. Hoton digiri 164 yana bukatar idonki ya kasance cikin digiri 16 daga A, shi ya sa sai kin kusan manna kunci da madubin. Ki rufe ido ɗaya in kina ƙirgawa, don idanuwan biyu ba kusurwa ɗaya suke ba, ɗaya zai gani ɗaya bai gani ba.

Rubutun batiri kuwa mai sauƙi ne. Kowane bugun madubi yana juya shi sau ɗaya. Hoton farko a bayan kowane madubi bugu ɗaya ne, juyayye. Na biyu bugu biyu ne, an juya an sake juyawa, ya dawo daidai. Na uku juyayye.

A ɗakin jarrabawa, in ba a faɗi inda abin yake ba, ƙa'idar da kika haddace ake nema, ki ba su abinsu.

Mai Yankan Gilashi ya rubuta:

Malam, Allah ya ƙara basira. A takarda madubi layi ne siriri, a hannu kuwa yana da kauri, kuma daga kaurin nan tambayarta ta ƙarshe ta fito.

'Yata, abin da ke mayar da haske ba fuskar gilashin da kike taɓawa ba ce, shafen azurfa ne ko alminiyam da ke bayansa, wanda aka rufe da fenti. Ki ɗora tsinin fensir a kan madubin ki gani, ba zai taɓa hotonsa ba. A gilashin milimita 5 za ki ga rata kusan milimita 7 a tsakaninsu. To in kin haɗa gefen madubai biyu ta gaba, gilashi ne ya taɓa gilashi, shafen bayan bai haɗu ba. A digiri 90 ratar da ke tsakanin shafen biyu ta kai milimita 7, a digiri 60 ta kusa 9. Hasken da ya shiga nan ba ya dawowa, shi ne baƙin layinki. Ana rage shi ta hanyar amfani da gilashi siriri, milimita 2 ko 3, ko a jingina gefen madubi ɗaya a kan fuskar ɗayan maimakon a haɗa baki da baki, ko a goge gefunan a karkace yadda bayan zai matso. Wanda ke kawar da shi kusan gaba ɗaya shi ne madubin da aka shafa ta gaba, irin na cikin kyamara da injin hoto, sai dai wannan ko yatsa ba ya so, nan da nan yake karcewa.

Rabewar hoto biyu a digiri 60 ba laifin gilashi ba ne, kusurwar ce ba ta cika ba. Malam ya ce hotuna biyu ne suka hau kan juna a can ciki. Da kusurwar ta kauce, sai su sauka daga kan juna, kuma kuskuren ninkuwa yake yi. A digiri 60, kuskuren digiri 1 yana raba su da digiri 6. In batirin yana santimita 10 daga mahaɗa, ya fi santimita ɗaya kenan, ido ba zai rasa gani ba. A digiri 90, digiri 1 yana zama 4. In hoton ya rabu biyu, kusurwar ta yi ƙunci, ki buɗa kaɗan. In kuwa tsakiyarsa ta cinye ya tsuke, ta yi faɗi, ki matse. Ki gwada da fuskarki a digiri 90: in an matse za ki ga hanci biyu, in an buɗe hancin ya ɓace idanuwa su matso juna. In ya dawo hanci ɗaya lafiyayye, kin samu digiri 90 da ya fi na kowane ma'auni. A wannan hoton in kin ɗaga hannun dama, shi ma damarsa zai ɗaga, wato yadda mutane ke ganinki kenan.

Ƙaramin ma'aunin kusurwa na roba da ke cikin akwatin lissafi ba ya zama daidai a ƙarƙashin gilashi mai kauri. Ki auna bakin da rula, ya fi. Tun da faɗin madubinki santimita 20 ne, ki auna daga gefen waje na wannan zuwa gefen waje na wancan, ta fuskar gaba. Digiri 120 santimita 34.6 ne, digiri 90 kuma 28.3, digiri 72 na ba da 23.5, digiri 60 santimita 20 cif, digiri 50 na ba da 16.9, digiri 45 na ba da 15.3, digiri 30 kuma 10.4. Ki yanka tsinken tsintsiya ko kara daidai tsawon da kike so, ki tokare bakin da shi. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan kimar ba ta isa ba.

Wajen haɗawa, ki kifa madubin fuska da fuska, ki manna salatif mai faɗi a gefe ɗaya ta baya, sannan ki buɗe. In kin manna suna buɗe a shimfiɗe, salatif ɗin zai ja in kin zo naɗewa. Ki goge gefunan da sanfefa da ɗan ruwa tukuna, sabon yanka yana tsaga yatsa ba a ji ba. Ki tabbatar sun tsaya cak a kan teburin, ki jingina sukwaya ko kwalin ashana ki duba. In mahaɗar ta jirkice gaba ko baya, za ki ga hotunan can ciki suna hawa sama ko suna nutsewa, takardar da ke ƙasa kuma ta zama kamar an karya ta a gindin madubin.

Ga gwaji mai kyau. Ki ja layi miƙaƙƙe da biro mai kauri daga madubi zuwa madubi, bakinsa biyu su zama tazara ɗaya daga mahaɗa. A digiri 120 za ki ga siffa mai gefe uku, a 90 mai gefe huɗu, a 72 mai gefe biyar, a 60 mai gefe shida. In siffar ta rufe a can ciki ba tsallake ba giɓi, kusurwarki ta yi.

Kada ki ƙirga da kyandir. Fuskar gilashin ta gaba ma tana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na haske in an kalle ta kai tsaye, fiye da haka in an kalle ta a karkace. Harshen wuta yana da ƙarfin da wannan ɗan kason zai bayyana, sai ki ga kowane hoto da 'yan rakiya dishi-dishi a gefensa, ƙirgenki ya lalace. Batiri ko murfin kwalba ya fi. Madubin roba mai laushi ma ki bar shi, lanƙwasar da ido ba ya gani tana karkata hoto na uku da na huɗu.

Ɗalibar Kimiyya ta rubuta:

Na gode Malam, na gode Baba. Jerin lambobin ya fita daidai a takarda. Saura abu biyu. A digiri 50, batiri a tsakiya, shida ake gani daga tsakiya, bakwai in an matsa gefe, takwas ɗin ba sa fitowa tare. Sannan in kusurwar ta zama sifiri, kamar madubin shagon aski da ke fuskantar juna, ƙa'ida ta ce hotunan ba iyaka. Me ya sa suke dushewa su yi kore, layin kuma ya lanƙwashe ya fice?

Malamin Fizik ya rubuta:

Ba za su fito tare ba, kuma ba laifin madubinki ba ne. Na ƙarshen kowane jeri yana digiri 175, saura digiri 5 kacal ya rage wa ido. Na bayan A sai idonki yana cikin digiri 5 daga A, na bayan B sai yana cikin digiri 5 daga B. Ido ɗaya ba ya zama wuri biyu. Takwas ɗin suna nan, amma sai an zagaya ake cika su. Ki kuma kula da faɗin madubi: in batirin ya yi nisa da mahaɗa, ko idonki ya yi baya da yawa, layin da ke tsakanin idon da hoton zai bi ta wajen gilashin, hoton ya fita ko da jimlar ba ta kai 180 ba. Ki ajiye batirin tsakanin santimita 6 da 10 daga mahaɗa.

Madubin shagon aski lissafinsu ɗaya ne da wanda muka yi, sai dai da santimita maimakon digiri, kuma babu 180 da za ta tsayar da jerin. A ce tsakaninsu santimita 200, mutum yana santimita 50 daga na gabansa, 150 daga na bayansa. A cikin na gaba zai ga hotuna a zurfin 50, 350, 450, 750, 850, haka har gaba. Na 50 fuska ce, na 350 ƙeya, na 450 fuska, na 750 ƙeya. Wannan ƙeyar ta bugu biyu ita ce wanzami ke nuna maka in ya riƙe ƙaramin madubi a bayanka.

Abubuwa uku ke kashe jerin. Na ɗaya, kanka ne. In madubin suna fuskantar juna cif, duk hotunan a layi ɗaya suke da idonka, na farko ya tare sauran, sai ka leƙa ta gefe. Na biyu, kowane bugu yana cin haske. Mu ɗauka madubin yana mayar da kashi 90 cikin 100: bayan bugu 5 saura kashi 59, bayan 10 saura 35, bayan 20 saura 12. Koren kuwa daga gilashin ne. Gilashin gama-gari yana da ɗan ƙarfe a cikin haɗinsa, wanda ke shan jan haske fiye da kore. Ki kalli gilashi ta gefen yankansa za ki ga korensa ƙarara. A kowane bugu haske yana ratsa kaurin sau biyu, shiga da fita, don haka bugu 20 a gilashin milimita 5 daidai yake da leƙawa ta cikin gilashi mai kaurin santimita 20.

Na uku shi ne lanƙwasar. Ba bangon da magini zai miƙar har ya zama sifiri cif. In madubin sun kauce da digiri 1, sun zama madubai masu kusurwa, mahaɗarsu ce kawai take can nesa, hotunan kuma sun koma kan da'ira. In tsakaninsu mita 3 ne, mahaɗar tana wajen mita 172 daga wurin. A zurfin mita 30 jerin ya riga ya kauce da fiye da mita biyu da rabi, ya fice daga cikin firam ɗin tun kafin hasken ya ƙare. Ɓangaren da ya lanƙwasa ya nufa, nan ne madubin suka fi kusa da juna. Mai kafa madubi yana iya amfani da wannan: ya cusa ɗan kwali a bayan gefen da ya dace har layin ya miƙe.

Safiyo ya rubuta:

Malam da Baba sun gama da ƙirgen hotuna. Abin da zan ƙara shi ne amfanin da ake ci daga hoton bugu biyu, don shi ne mai daraja a wajen masu awo.

Ku duba lambobin Malam na digiri 72. Batirin yana digiri 20 gaban A, hoton bugu biyu yana digiri 124 bayan A. Tsakaninsu 144, ninkin 72. A matsar da batirin ko'ina, tazarar nan ba ta canzawa. Ga haske ma haka ne: duk hasken da ya bugi madubin biyu bi da bi, yana juyawa ne da ninkin kusurwar da ke tsakaninsu, ko ta wace fuska ya shigo. Madubi ɗaya ba shi da wannan natsuwar, in ka karkata shi da digiri 1 hasken zai kauce da digiri 2. Amma biyu da aka ɗaure a jikin abu ɗaya, ka ɗan juya su tare a kan layin mahaɗarsu, hoton bugu ɗaya zai gudu, na bugu biyu ba zai motsa ba. Ɗaliba, ki ɗora madubinki a kan faranti, mahaɗar a tsakiyarsa, batirin kuma ki riƙe shi kada ya taɓa farantin, ki juya a hankali ki gani da idonki.

Saboda haka ake kafa ƙananan madubai biyu a digiri 45 a cikin ɗan akwati don fitar da kusurwar digiri 90 a fili. Mai awo yana kallon sandar da ke gabansa kai tsaye ta wata kafa, yana kuma ganin sandar gefe ta cikin madubin. Da biyun sun hau layi ɗaya, kusurwar ta cika, ko da hannunsa yana ɗan rawa. Na'urar da matuƙa jirgin ruwa ke auna yadda rana da taurari suka ɗaga a sama da ita ma a kan wannan take: bakanta digiri 60 ne, amma an rubuta masa har 120.

A digiri 90 ninkin ya zama 180, wato hasken yana komawa ta inda ya fito. Sai dai madubai biyu suna yin haka ne kawai ga hasken da ya zo musu a kwance, ba ta sama ko ta ƙasa ba. In an ƙara na uku a ƙasa, ya zama kamar lungun ɗaki inda bango biyu da daɓe suka haɗu, hotunan su zama 7, hasken kuma ya koma wa mai shi ko ta sama ya zo ko ta gefe. Ki rufe ido ɗaya ki leƙa lungun: idon da ke buɗe yana kan mahaɗar ukun, duk inda kika kai kanki yana nan, fuskar kuma a kife. Jar robar bayan keke in an duba ta da kyau, ƙananan lunguna ne irin wannan jere a ciki, shi ya sa take haskawa direban da ya dallo ta, wanda ke tsaye a gefe kuwa bai ga komai ba. Irinsu ne a kan sandar da ake riƙe wa na'urar awon fili ta zamani. 'Yan sama jannatin Apollo 11 sun ajiye faranti mai lunguna 100 a kan wata a 1969, na Apollo 15 suka ajiye mai 300 a 1971, kuma har yanzu ana harba musu hasken leza daga ƙasa, ya je ya dawo cikin kusan daƙiƙa biyu da rabi.

Mai Yankan Gilashi ya rubuta:

Tun da an kai nan, 'yata, ragowar yankan madubi ma ba a zubarwa. Bututun kallon nan da ake juyawa a ga ado yana sauyawa, wanda David Brewster ɗan Sikotilan ya yi wa rajista a 1817, wannan lissafin ne a cikinsa.

A yanka sirara uku, kowanne faɗin santimita 3, tsawon 20, a haɗa su fuska a ciki, a naɗe da salatif. Faɗinsu ɗaya, don haka kowace kusurwa digiri 60 ce ba sai an auna ba. A baki ɗaya a sa kwali mai huda kamar ƙwayar masara, a ɗaya bakin a sa 'yan duwatsun ado masu launi tsakanin farar roba biyu, ta waje ta zama mai hazo don haske ya bazu. A bar musu wurin motsi, in an cika su ba sa zubowa.

In ana son fure guda ɗaya a tsakiyar duhu, madubai biyu za a sa, gefe na ukun a rufe da baƙin kwali. A nan a zaɓi kusurwar da ke raba 180 cif: 60, 45, 36 ko 30, su ba da yanki 6, 8, 10 ko 12. Digiri 72 ɗinki ba ya yi, duk da yana raba 360, domin a can ciki juyayyen yanki ne zai ci karo da wanda ba juyayye ba, adon ya karye a wurin. In madubai uku ne kuwa, siffofi uku kaɗai ke shimfiɗa ado ba karaya: 60 da 60 da 60, ko 90 da 45 da 45, ko 90 da 60 da 30. Gilashin kada ya wuce milimita 2, in ya fi haka baƙaƙen layukan mahaɗa za su fi adon fitowa.